Mai Alamar Y Ko Mai Kama Da Busasshen Ganye?

A Ingila, daga Satumba zuwa Oktoba, akwai malam-buɗe-littafin dare iri biyu da masu lambu kan gani sun taru a jikin fitila.

Na farko, Autographa gamma a bakin masana, ba shi da wuyar ganewa. Fukafukinsa toka-toka ne da ruwan ƙasa, kuma a tsakiyar kowanne akwai ɗan zane fari mai sheƙin azurfa, kamar harafin Y. Baƙo ne, ba ɗan gida ba. Kowace shekara yakan taso daga Arewacin Afirka da kudancin Turai, iska ta ɗauke shi can sama, zuriyarsa kuma su juyo kudu da kaka saboda sanyin Ingila ya fi ƙarfinsu. Ba ya jiran dare; da rana tsaka za ka gan shi yana shan ruwan fure a lambu, makiyaya ko gonar kabeji. Irinsa ne suka cika filin wasa na Stade de France a wasan ƙarshe na Kofin Turai, 10 ga Yuli 2016, har ɗaya ya sauka a fuskar Ronaldo.

Na biyu, Phlogophora meticulosa, ya fi burge ni. Ya ɗan fi girma, kuma idan ya sauka sai ya yamutsa fukafukansa, ka rantse busasshen ganye ne ya faɗo. Launinsa ruwan ƙasa ne da ɗan kore, da zane mai kusurwa kamar V. Shi da rana lafewa yake yi a jikin katanga ko shinge, sai dare ya yi ya fito.