Zane ko ginin tukwane: wanne ya dace da ɗalibin injiniya?

Wani ƙanenmu da ke shekara ta biyu a karatun injiniyan injuna a wata jami'ar Amurka ya tambayi 'yan zaure cewa an wajabta masa ɗaukar kwas ɗaya na fasaha kafin ya kammala digiri, kuma zaɓin da ya dace da jadawalinsa biyu ne, wato kwas ɗin farko na zane da kwas ɗin farko na ginin tukwane, waɗanda aka buɗe wa ɗaliban wasu fannoni. Yana so ya san wanda ya fi sauƙi da wanda ya fi amfani. Ƙanena, na ɗauki duka biyun sa'ad da nake karatun kimiyyar sinadarai, saboda haka bari in jera maka su.

Da farko ka cire batun sauƙi daga ranka. Kwas na lacca mai kiredit 3, wato ma'aunin nauyin kwas, yakan ci sa'o'i 3 a mako a cikin aji, amma na situdiyo, wato ɗakin aikin hannu, mai kiredit 3 yakan ci kusan sa'o'i 6, galibi zama biyu masu tsawo, ban da aikin da za ka koma ka ƙarasa da kanka. Ana kuma ƙirga zuwa aji da tsanani, domin babu littafin da za ka karanta daren jarrabawa ka rama abin da hannunka bai koya ba a makonni 15. Wajabcin kuwa ba jami'arku kaɗai ba ce ke da shi, don ko jami'ar MIT ta Amurka, wadda duniya ta sani da injiniyanci, tana buƙatar ɗalibanta su ɗauki kwas 8 a fannonin adabi da fasaha da ilimin zamantakewa, kuma dole ɗaya aƙalla ya kasance na fasaha irin su zane ko kiɗa.

Babban bambancin da ke tsakanin kwas ɗin biyu shi ne wanda ke riƙe da lokaci. Aikin zane yana binka duk inda ka tafi, domin takarda da fensir da gawayi suna shiga jaka, kuma kana iya ƙarasa aikin gida a ɗakinka bayan sallar isha'i ko ka ajiye shi kwana uku ka dawo ka same shi yadda ka bar shi. Yumɓu ba ya jira. Kwanon da ka gina yau yana da lokacin da za ka kankare gindinsa, sa'ad da ya fara tauri amma bai bushe ba, kuma idan ka makara da kwana ɗaya ko ka manta ba ka lulluɓe shi da leda ba, aikin ya wuce ka. Bayan haka sai ya bushe sarai, a gasa shi karon farko a zafin da ya kusa digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, a shafa masa ruwan ƙyalli, a sake gasa shi a sama da digiri 1,200 idan yumɓu ne mai son zafi. Tanderun na kowa ne, ana kunna shi bisa jadawali, shi ya sa malamai ke rufe aikin ɗanyen yumɓu makonni kafin ƙarshen zango. Ni kaina na yi asarar tulu mafi kyau da na gina saboda na yi gaggawa na miƙa shi da sauran damshi a jikinsa, ya fashe a wuta, kuma ranar gashi ta ƙarshe ke nan. Ga wanda makonsa ya cika da aikin ɗakin gwaji da rahotanni, wannan abin dubawa ne sosai.

A kan abin da za ka koya, a nan ne zuciyata ta karkata ga zane. Makonnin farko za a jera muku kwalabe da akwatuna da ƙyalle a kan tebur, a ce ku zana, kuma a nan za ka gano cewa hannunka yana zana abin da kanka ya riga ya sani game da kwalba, ya bar abin da idonka yake gani. Duk aikin zangon yaƙi ne da wannan ɗabi'a. Za ka koyi miƙa hannu da fensir ka auna tsayin abu da faɗinsa, ka koyi kallon sararin da ke tsakanin abubuwa kamar shi ma abu ne, ka koyi rarraba haske da inuwa mataki-mataki, sannan ka koyi dabarar nuna nisa da kusa wadda masanan gine-ginen Italiya suka tsara a ƙarni na 15. Zanen injiniya da kake yi a kwamfuta yana bayyana abin da aka riga aka yanke shawara a kansa, shi kuwa zanen hannu da shi ake tunani tun shawarar ba ta nuna ba, kuma injiniyan da zai iya fitar da siffar wani ƙarfe a bayan ambulan cikin minti biyu yana saurin fahimtar da abokan aikinsa. Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifen da ya sami kyautar Nobel a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ya gani a madubin ƙara girma, kuma har yau ana koyarwa da zanen nasa.

Ginin tukwane shi ma yana da abin da zai ba injiniya wanda zane ba shi da shi, wato sanin halin abu ta tafin hannu. Za ka ga yumɓu yana tsukewa da kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye tsakanin gini da gashi, ka ga tsaga tana fitowa daidai inda bango mai kauri ya haɗu da siriri, abin da za ka sake tararwa da lissafinsa a darasin kimiyyar kayan ƙira. Kuma ba za ka shiga ajin a matsayin baƙo ba, domin hanyar ɗora yumɓu zagaye-zagaye da hannu da ake fara koyarwa 'yar'uwar wadda maginan randa da tulu suke yi ce a ƙasarmu. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar naira 20, da irin wannan gini ta shahara kafin ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta maginin tukwane ɗan Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma ta zagaya Amurka tana nuna aikinta a 1972. Kada ka yi mamaki idan malaminka ya san sunanta.

Wajen kuɗi, zane yana buƙatar ka sayi kayanka da kanka, tukwane kuwa galibi akwai kuɗin situdiyo da ake ƙarawa a kan na makaranta. Wajen maki, duka biyun sun fi duba zuwa aji da cika aiki da ci gaban da ka samu, tare da zaman da ake baje aikin kowa a tattauna shi a gaban jama'a. Ka kiyaye ƙurar busasshen yumɓu, tana da illa ga huhu, shi ya sa ake goge situdiyo da ruwa maimakon shara.

Akwai wani abu da ya kamata ka bincika tun kafin rajista. Wasu kwasa-kwasan zane na farko suna ware makonni don zana jikin mutum, kuma a jami'o'in Amurka wanda ake zanawa yakan kasance tsirara. Ka nemi tsarin kwas ɗin a rubuce, ka aika wa malamin saƙo cikin ladabi ka tambaye shi ko akwai wannan sashe, kuma ko zai amince ka yi wani aiki a madadinsa. Hukuncin zana mai rai kuwa, ka kai shi ga malamin addinin da ka yarda da iliminsa. A kwas ɗin tukwane da wuya wannan matsala ta taso.

Shawarata ita ce ka ɗauki zane a wannan zango, muddin malamin ya ba ka amsar da hankalinka ya kwanta da ita, tun da shekara ta biyu ita ce lokacin da darussan injiniya suke fara nauyi. Idan bai amince da madadi ba, ka ɗauki tukwane, amma ka jinkirta shi zuwa zangon da ba ka da aikin ɗakin gwaji fiye da ɗaya, kuma ranar farko ka rubuta ranar gashi ta ƙarshe a kalandarka.