Kamfanin da ya tsara mana kamfe: ina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ina ba ta biya ba

Tun bayan zaɓen 2023 ake tsayar da ni a Wunti ana tambayata ko kamfanin nan na masu tsara yaƙin neman zaɓe da muka ɗauka ya ci kuɗinsa. Kwanan nan tambayar ta yi yawa, don haka na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunansu ba. Matasa ne su biyar, ofishinsu na saman wani bene a nan cikin garin Bauchi.

Ni ne ma'ajin kwamiti. Ɗan takararmu yayan maiɗakina ne, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya nemi kujerar sanatan Bauchi ta Kudu a wata ƙaramar jam'iyya. Aƙidarsa ta talakawa ce tsantsa: karatu kyauta, magani kyauta ga mai ciki da ƙananan yara, a daina cefanar da kadarorin gwamnati, mai hannu da shuni ya biya rabonsa. Irin wanda 'yan boko ke kira ɗan hagu. Mun sha kaye, kayen ma ba na kusa ba. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Ko mala'iku muka ɗauka, da wuya mu kai bantenmu.

Naira miliyan 4 muka biya, a dunƙule. A ciki akwai binciken ra'ayin jama'a, taken kamfe, zanen fastoci, kula da shafukan Facebook, da horar da wakilan rumfa. A lokacin, dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar sanata ya kashe har naira miliyan 100. Mu ko ƙurar wannan adadi ba mu hango ba, saboda haka miliyan 4 a wurinmu ba abin wasa ba ne.

Ranar farko shugabansu ya ja labule, aka ta da janareta, ya kunna majigi. Yaro ne mai ladabi, ya yi karatu a waje, sai da ya rusuna kafin ya fara. "Baba Malam," in ji shi, "matsalarku irin ta ɗan Dimokurat ce da ya tsaya a jihar 'yan Rifablikan." Sai ga hoton Beto O'Rourke, ɗan Dimokurat da ya nemi kujerar sanata a Amurka, a bango, ya naɗe hannun riga, gumi sharkaf. Ya ba mu labarin yadda a 2018 mutumin ya zagaye gundumomi 254 na jihar Texas ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, yana nuna tafiyarsa kai tsaye a Facebook, ya tara wajen dala miliyan 80, da yawa daga hannun ƙananan masu ba da gudummawa. Ni kuwa rediyo ba ya rabuwa da kunnena tun ina koyarwa a ƙauye. Na ce, "Ɗana, to ya ci?" Ya sosa ƙeya ya ce saura ƙiris. Gaskiya ne, tazarar da abokin takararsa Ted Cruz ya ba shi ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Amma Cruz ne ya koma majalisa. Na tuna masa da Jaime Harrison na Karolina ta Kudu, wanda a 2020 ya tara fiye da dala miliyan 100, Lindsey Graham kuma ya kayar da shi da kusan kashi 10. Aka yi dariya, aka wuce.

Can kusa da ƙarshe hoton Jon Tester, shi ma ɗan Dimokurat, ya gilma, bai yi minti ɗaya a bango ba. Shi kuwa ya kamata a wuni a kansa. Manomi ne daga wani ɗan gari, Big Sandy, a jihar Montana. Injin niƙa nama ya cinye masa yatsu uku tun yana yaro. Ya ci kujerar sanata a 2006 da ratar ƙuri'a dubu uku da ɗoriya, ya sake ci a 2012, ya kuma ci a 2018, shekara biyu bayan Trump ya lashe jihar da wajen kashi 20. Sirrinsa bai wuce cewa mutanen jiharsa sun san gonarsa ba, sun san shi ke hawa tarakta da kansa. Duk da haka a 2024 guguwar jam'iyya ta tafi da shi, amma shekara 18 a kujerar da kowa ya ce ba ta jam'iyyarsa ba ce, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Babban kuskurensu, wanda har yau nake jin zafinsa, shi ne ɗaukar mutumin Kirfi tamkar mutumin Montana don kawai an kira su biyun masu ra'ayin riƙau. Riƙau ɗin Ba'amurke ya haɗa da ƙin gwamnati ta sa masa hannu a aljihu ko a bindiga. Namu riƙon na addini ne, da girmama manya, da sanin darajar sarauta. Ban taɓa ganin manomin da aka ce gwamnati za ta kawo taki da rijiyar burtsatse ya ce a'a, gurguzu ne ba. Kuma ba Musulmi kaɗai ba, je ka Bogoro ko Tafawa Ɓalewa ka zauna da dattawan coci, riƙon ɗaya ne. Abin da jama'armu ke gudu shi ne ɗan boko mai raini. Garin Bauchi ma ya taɓa ganin yadda ake yi. Nan ne mahaifar Malam Sa'adu Zungur, nan Malam Aminu Kano ya koyar a makarantar Midil a shekarun 1940, kafin a kafa NEPU a Kano a 1950. Da ilimin addini suka tunkari zalunci, shi ya sa mai ja da su sai ya shirya. A cikin majigin nan kaf, babu hoton ko ɗayansu.

Mun ga sakamakon a wani ƙauye can wajen Gumau. Taken da suka zana mana shi ne "Sauyi daga tushe", an buga shi a ƙarƙashin hoton Yaya ba hula, ya naɗe hannun riga irin na mutumin Texas. Jadawalinsu kuma ya ce mu zarce filin ƙwallo wurin matasa, gaisuwar fada a bar ta sai in lokaci ya ragu. Muna cikin jawabi wani dattijo ya taso daga gindin dalbejiya, ya karɓi fasta ɗaya, ya miƙa wa jikansa ya karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, tushen wa za ku tumɓuke? Kun shigo gari ba ku yi sallama da masu shi ba." Ya naɗe takardar a hankali, ya mayar mini da ita a hannu, ya koma inuwarsa. Rabin taron suka bi bayansa. Fasta 5,000 muka jibge a shagon wani ƙanena, daga baya masu ƙosai suka amfana.

Sai dai zan yi zalunci in ban ambaci yarinyar nan ba, ƙaramarsu, wadda ko magana ba ta yi ba ranar majigi. Ita aka bar wa binciken ra'ayi, sashen da ya fi kowanne araha a takardar yarjejeniya. Mako uku ta yi tana yawo da littafi da biro, daga kasuwar Muda Lawal zuwa Dass, zuwa Alkaleri, tana shiga gidajen suna da makarantun matan aure, inda mu maza ba mu da hanya. Da ta dawo ta zauna gaban Yaya ta ce, "Baba, don Allah ka daina cewa haraji." Ya ce ai masu kuɗi yake nufi. Ta ce ko wa yake nufi, tsoho in ya ji kalmar, dogarai yake tunawa da jangali. Nan take na gane gaskiyarta. Ai abin da ya ɗaga Abubakar Rimi da Balarabe Musa a idon talaka a 1979 shi ne soke haraji da jangali, ga mu magadan aƙidarsu muna yawo da kalmar a baki. Ta ce ya riƙa magana a kan abu uku da ta fi ji: tsadar taki, kuɗin awon ciki, da kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Ta rubuta masa sanarwar rediyo ta minti ɗaya, da muryarsa, ba kiɗa, ya fara da sallama da sunan mahaifinsa da unguwar da aka haife shi. Wannan sanarwa kaɗai ce na ji masu shayi suna maimaitawa.

Shafin Facebook ya yi kyau, ya tara mabiya. Da na duba, yawancinsu suna Abuja da Kaduna da Landan.

Inda suka ba mu kunya sosai shi ne wakilan rumfa. An yi yarjejeniya za a horar da su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka bakwai ɗin. Suka yi ta jan ƙafa har saura mako biyu, sannan suka haɗa kowa rana ɗaya a wani zaure a Bauchi. Lokacin kuwa canjin kuɗi ya sa takardar naira ta zama gwal, kuɗin mota ya gagari mutanen Toro da Alkaleri. Ranar 25 ga Fabrairu da yawa daga wakilanmu ba su san cewa haƙƙinsu ne su sa hannu a takardar sakamako ta EC8A su karɓi kwafi ba, wasu ko na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ba su taɓa gani ba. Da dare na kira shugaban kamfanin sau shida, wayarsa a kashe. Rahoton ƙarshe ya iso bayan wata biyu, shafi 40, da Turanci, ga mutumin da kashi tara cikin goma na kwamitinsa Hausa suke karantawa.

Ga mai niyyar zuwa wurinsu, shawarata ita ce kada ka sayi kayan a dunƙule. Ka biya binciken ra'ayi da rubutun sanarwar rediyo, ka tabbata masu zuwa ƙauye da ƙafarsu ne za su yi. Taken kamfe kuwa, kafin ya je maɗaba'a a karanta wa tsofaffi uku a gindin bishiya. Kuɗin horar da wakilai ka riƙe shi sai an gama kowace ƙaramar hukuma ka biya nata. In suka ja labule za su kunna majigi, ka ce a bar man janareta.

Na ji an ce yarinyar ta bar su tun bara. Littafinta dai yana wurina, na roƙe ta ta bar mini, yana cikin akwatin da nake ajiye takardun fansho.