Ina Ya Fi Dacewa a Kai Yara a Dogon Hutu: Istanbul, Alƙahira, Dubai ko Kuala Lumpur?

Dogon hutun makarantu a Najeriya yana kamawa ne daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, kuma wannan lokaci shi ne abu na farko da ya kamata magidanci ya ɗora a kan ma'auni tun kafin ya tambayi kuɗin tikiti ko na otal. Garin da ya yi wa maƙwabci daɗi a watan Disamba yana iya zama azaba a watan Agusta, kuma abin da babba zai daure ya shanye, yaro ɗan shekara biyar ba zai iya ba. Saboda haka tambayar da nake fara yi a kan kowane gari ita ce ko yaro zai iya yin tafiyar ƙasa a cikinsa da rana ba tare da ya galabaita ba. Bayan wannan sai tsawon tafiyar jirgi, sai abinci da wurin salla, sannan wahalar samun biza.

Da wannan ma'auni Dubai ta faɗi tun a matakin farko. Zafinta a Yuli da Agusta yakan haura digiri 40, ga iska mai ɗumi da ke sa numfashi nauyi, don haka iyali za su ƙare ne daga wannan katafaren kanti zuwa wancan, kuma kowace ƙofa da ke da abin burge yaro sai an biya kuɗi mai tsoka. An ɗage dakatar da bizar 'yan Najeriya a 2024, amma hakan bai sanyaya garin ba. Ingila da Faransa kuwa suna da yanayi mai kyau a wannan lokaci, sai dai mutum yana iya biyan kuɗin bizar mutum shida a hana shi, kuɗin kuma ba ya dawowa. Ruwanda ƙasa ce mai tsabta da sauƙin shiga ga ɗan Afirka, amma babban abin kallonta, wato goggon biri, takardar izinin ganinsa dala 1,500 ce ga mutum ɗaya, kuma ba a barin wanda bai kai shekara 15 ba ya je.

Masar ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin jirgin EgyptAir yana tashi kai tsaye daga Kano zuwa Alƙahira, kuma da wuya Bahaushe ya rasa ɗan uwa ko ɗan unguwa da ke karatu a Azhar wanda zai yi masa jagora. Dalar Giza da kogin Nilu abubuwa ne da yaro ya riga ya ji labarinsu a Islamiyya da makarantar boko. Matsalar ita ce filin dalar ba shi da inuwa, zafin Agusta yakan wuce digiri 35, kuma masu raƙuma da dawaki ba sa barin baƙo ya yi kallonsa cikin natsuwa. Masar ƙasar hutun Disamba ce, a ajiye ta sai lokacin.

Maleshiya ita ce kaɗai nake ganin za ta iya ja da zaɓina. Abincin halal ba abin nema ba ne a can, kusan kowane babban kanti yana da ɗakin salla, kuma Kuala Lumpur tana da tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, da gidan kifaye a kusa da su, da lambun tsuntsaye. Abin da ya kayar da ita shi ne nisa. Babu jirgi kai tsaye, sai an ya da zango a Doha ko Addis Ababa ko wani wurin, tafiyar tana cin kusan yini da dare, kuma agogonsu yana gaban namu da awa 7, wanda ke nufin yara za su yi kwanaki suna barci da rana suna farkawa cikin dare.

Istanbul ta ƙasar Turkiyya ce zaɓina, kuma ba na ɓoye hakan. Tafiya daga Abuja a jirgin Turkish Airlines ba ta kai awa 7 ba, bambancin agogo awa 2 ne kawai, zafin Agusta kuma yakan tsaya a wajen digiri 30 tare da iskar teku da ke kaɗawa da yamma. Abin da ya fi ja na gare ta shi ne hanyar zirga-zirgar garin ita kanta abin kallo ce. Birnin yana zaune a kan nahiyoyi biyu, mashigin ruwan Bosforus ya raba shi, kuma jiragen ruwan haya da ke tashi daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy ana shigarsu ne da katin Istanbulkart, wanda shi ne ake shiga taragon cikin gari da jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi. A sayi simit, wato zagayayyen burodin nan mai riɗi, a hau saman jirgin a zauna ta baya. Tsuntsayen teku za su biyo jirgin suna shawagi daf da kawunan mutane, yaro ya gutsuri burodin ya jefa sama, tsuntsu ya cafe tun bai taɓa ruwa ba, ga mai shayi yana zagayawa da 'yan ƙananan kofunan gilashi a kan faranti. Cikin kamar minti ashirin an bar Turai an sauka a Asiya, kuma kuɗin da aka kashe bai kai na tasi ba.

Wuraren tarihin kuma suna kusa da juna, abin da mai tafiya da ƙananan yara ne kaɗai ya san darajarsa. A dandalin Sultanahmet, masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantar Aya Sofiya, wadda aka kammala ginawa a shekarar 537, ta zama masallaci bayan cin birnin a 1453, ta koma gidan tarihi a ƙarni na 20, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020. Taku kaɗan daga nan akwai tsohon rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, wuri mai sanyi da ya dace a shiga da tsakar rana. A bayan Aya Sofiya fadar Topkapi take, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna, kuma a cikinta akwai ɗakin amanoni masu tsarki da ake ajiye kayayyakin da ake dangantawa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban da ake dangantawa ga sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Yaron da ya karanta sira zai fito daga wannan ɗaki da tambayoyin da za su ishe shi har ƙarshen hutu. Fadar ba ta buɗewa ran Talata, babbar kasuwar rufi kuma ba ta ci ran Lahadi, don haka a tsara kwanaki da wannan a zuciya.

Idan yara suka gaji da tsofaffin gine-gine, kuma lallai za su gaji, akwai Miniaturk da aka buɗe a 2003, fili ne da aka ƙera fitattun gine-ginen ƙasar a ƙanƙance har yaro yana tsayawa ya fi hasumiya tsawo. Ba nisa da shi akwai gidan tarihin Rahmi Koc mai tsofaffin motoci da jiragen ƙasa da na sama. A tsallaken ruwan da ke gabansu kuma akwai Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, da motar igiya da ke hawa da mutane kan tudu. Mai isassun kwanaki ya ware yini guda don tsibirin Buyukada, inda ba a barin motocin gida su yi yawo. Abinci ba ya ba da wahala, domin akwai shinkafa da gasasshen nama da miyar wake irin tasu, sai dai ba su cika sa barkono ba, saboda haka uwargida ta ƙulla yajinta tun daga gida.

Ba zan ce garin ba shi da aibu ba. Kuɗin shiga manyan wuraren tarihi ya yi tsada ga baƙi, Agusta lokacin cunkoso ne, kuma tuddai da titunan dutse suna wahalar da keken tura jariri. Wannan ne ya sa wurin da otal yake ya fi yawan taurarinsa muhimmanci. A nemi masauki a Sultanahmet ko Sirkeci ko Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu masu sarin kaya suka sani, muddin yana kusa da layin tarago na T1 kuma ba a kan tudu yake ba. Ɗakunan tsohon gari ƙanana ne, kuma otal yana da adadin mutanen da ya yarda su kwana a ɗaki, don haka a rubuta yawan yara da shekarunsu tun wajen kama ɗakin.

Duk wannan zaɓe ba shi da amfani idan aka faɗa hannun mugun dillalin tafiya, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya buɗe ido. Wani dillali ya taɓa ba mu takardar otal mai tambari da lamba da komai, muka isa cikin dare da yara suna gyangyaɗi a kan akwatuna. Ma'aikacin otal ɗin ya buga lambar, ya sake bugawa, sannan ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa ya nuna layin da ke cewa an soke ɗakin tun makonni da suka wuce. Dabarar ita ce dillali ya kama ɗaki irin wanda ake sokewa kyauta, ya buga takardar a haɗa da neman biza, biza na fitowa ya soke, kuɗin otal da ya karɓa kuma ya zama nasa. Maganin abu ne mai sauƙi. A nemo lambar wayar otal ɗin da kai, kada a yi amfani da wadda ke kan takardar dillali, a kira ko a aika saƙo a tambaya ko akwai ɗaki da sunanka, ko an biya kuɗinsa, da kuma mutum nawa aka rubuta. A sake tambaya ana saura kwana biyu a tashi.

Haka abin yake ga tikitin jirgi. Kama kujera daban, yanke tikiti daban, kuma takardun biyu suna kama da juna ga wanda bai saba ba. Lambar kama kujera haruffa da alƙaluma shida ce, kuma tana iya mutuwa da kanta bayan ɗan lokaci idan ba a biya ba. Tikitin gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, kowane fasinja da tasa har da jaririn goye, kuma alƙaluma ukun farko na kamfanin jirgin ne: na Turkish Airlines 235, na EgyptAir 077, na Emirates 176, na Qatar Airways 157. A shiga shafin kamfanin jirgin a duba da idonka, a tabbatar da tafiya da dawowa, domin akwai masu yanke na tafiya kawai su bar na dawowa a rataye. A duba yadda aka rubuta sunan kowane yaro, ya zama daidai da fasfonsa harafi da harafi. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa ya bambanta da na kamfanin, kuma a tambayi dillali shaidar rajistarsa da IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko NANTA, ƙungiyar dillalan tafiye-tafiye ta Najeriya, sannan a ziyarci ofishinsa da ƙafa. Duk wanda ya ce yana da ɗan uwa a ofishin jakadanci, ko ya ba da tabbacin biza ɗari bisa ɗari, a tattara takardu a bar masa wurin, domin ba shi ke ba da ita ba. Kada kuma a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta shigo hannu.

A can Istanbul ɗin ma akwai nasu 'yan damfarar, kuma salonsu sananne ne. Mai goge takalmi zai yar da buroshinsa a gabanka, ka ɗauka ka miƙa masa, ya nace sai ya goge maka don godiya, daga baya ya nemi kuɗi mai yawa. Wani direban tasi zai ce mitarsa ta lalace, wani kuma ya karɓi babbar takardar kuɗi ya musanya ta da ƙarama cikin ƙiftawar ido ya ce ita ka ba shi, don haka a faɗi adadin da baki yayin miƙawa, ko a kira mota ta manhajar waya inda ake ganin hanya da kuɗi. Gidan abincin da bai rubuta farashi ba a wuce shi, kuma a tambayi kuɗin ƙananan farantan da ake jerawa a tebur ba tare da an nema ba. Mutumin da ya tare ka a bakin masallaci da fara'a yana cewa an rufe yau, ya zo ya nuna maka wani wuri, shagon darduma zai kai ka.

Game da takardun yara, kowanne sai da fasfonsa, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. A riƙe takardar haihuwa da katin rigakafin shawara. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da su, a tanadi takardar amincewar ɗayan da sa hannunsa, domin ana iya nemanta wajen biza da kuma filin jirgi. A ɗauki hoton dukkan takardun a waya, a kuma sa wa kowane yaro katin otal ɗin a aljihu da lambar wayar mahaifinsa a rubuce a baya kafin a fita kowace safiya.