Waya ko kwamfuta: me za a saya wa ɗalibi mai lalurar gani?

Idan ɗanku mai lalurar gani ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kada ku fara da tambayar farashin na'ura. Ku fara da manhajar da za ta riƙa karanta masa abin da ke kan allo.

A waya abin da sauƙi. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver tun 2009, duk kyauta. VoiceOver ta fi santsi, amma kuɗin iPhone ɗaya zai sayi Android mai kyau har a samu canji. Ku dai guji waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa (RAM), don yaro zai shafa allo sai muryar ta yi ta jan ƙafa kafin ta amsa.

Sai dai waya ba ta rubuta furojet. Dole sai kwamfuta, kuma a nan ne ake tafka asara. JAWS, manhajar karanta allon kwamfuta, tsohuwa ce, tun 1995 take kan Windows, tana da ƙarfi ƙwarai, amma da dala ake sayenta. Wadda ba a biya ba, bayan minti 40 sai an sake kunna kwamfutar. NVDA kuwa wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, kyauta ce, har a filas ana ɗora ta a shiga da ita kowane shagon kwamfuta. A ganina, in ba ofis ne zai biya ba, NVDA ta wadatar. Kuɗin da ya rage a sayi kwamfuta ta hannu mai batiri mai rai, da abin sawa a kunne. Kun san halin wuta a garin nan na Sakkwato, balle lokacin zafi.

Muryar Turanci kan murɗe kalmomin Hausa, musamman masu ɓ, ɗ da ƙ, amma kunne yana sabawa.

Babbar matsalar ita ce takardun lacca da aka ɗauka hoto aka mayar PDF. A wurin manhajar, shafin nan wayam yake. NVDA tana iya ƙoƙarin tsinto rubutu daga hoto, haka ma Lookout da Seeing AI a waya, amma fotokofin da ya dushe yana ba su wahala. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a 2019 ta ba ɗalibi bakin magana, don haka tun makon farko ya roƙi malamansa su turo masa ainihin fayil ɗin Word.