Eagles ko Bob Marley: faifan zaɓaɓɓun waƙoƙin wa ya fi cin kasuwa?

Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, caji ne ya ƙare min shi ya sa sai yanzu. Ka ce ka ci karo da wani jeri inda aka ɗora faifan wasu Eagles a saman na kowa har da Michael Jackson, kai kuma tunda kake a duniya ba ka taɓa jin waƙarsu ko ɗaya ba, to ta yaya za su fi Legend na Bob Marley wanda ko a tashar mota ka tsaya sai ka samu wanda ya san shi, ko dai ƙarya ce irin ta 'yan intanet? Ba ƙarya ba ce, amma akwai inda gizo ke saƙa, bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe ka gani da kanka.

Duka biyun abu ɗaya ne a asali, wato ba sabbin waƙoƙi ba ne, kamfani ne ya bi tsofaffin faifan mawaƙi ya tsinto waɗanda suka fi tashe ya zuba a faifai guda. Kamar dai yadda za ka kai wa mai tura waƙoƙi memori ka ce zuba min Shata, ai ba duka zai zuba ba, waɗanda ya san an fi tambaya zai tsamo maka, kuma Shatan da za ka sani daga ranar shi ne wanda yaron nan ya zaɓa maka. Ka riƙe wannan don za mu dawo kansa.

Eagles 'yan Amurka ne, a Los Anjeles suka haɗu a 1971, Glenn Frey da Don Henley da Bernie Leadon da Randy Meisner, daga baya Don Felder ya shigo a 1974. Kiɗansu jita ce mai sanyi da muryoyi masu tafiya tare, irin wanda Bature ke sawa a mota in zai yi doguwar tafiya. Sun yi albam huɗu tsakanin 1972 da 1975, sai kamfaninsu Asylum ya tsinci waƙa 10 daga ciki ya fitar a watan Fabrairun 1976 da suna Their Greatest Hits (1971–1975), bangon shuɗi-shuɗi da ƙoƙon kan gaggafa da aka yi wa zane. Abin dariya su mawaƙan ma ba su yi wani murna da shi ba, Don Henley ya nuna bai ji daɗin yadda aka ɓalle waƙoƙi daga albam ɗin da aka gina su a ciki ba, su a ganinsu dabarar kamfani ce ta neman kuɗi kafin su gama sabon aiki. Kuma wani abin da zai ba ka mamaki, waƙar da ko mutanenmu wasu suka san su da ita, Hotel California, ba ta ma ciki, don sai Disamban wannan shekarar ta fito. Wato faifan da ya fi kowanne sayuwa a tarihin Amurka babu babbar waƙar masu shi a cikinsa, ka ji fa.

Shi ne faifai na farko da ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ba wa shaidar sayar da kwafi miliyan ɗaya a lokacin da aka ƙirƙiro wannan matakin a 1976. Daga nan aka yi ta 'yar tsere tsakaninsa da Thriller na Michael Jackson wanda ya fito 1982, yau wannan ne gaba gobe wancan. A 2006 Eagles suna kan miliyan 29, bayan mutuwar Jackson a 2009 mutane suka yi ta sayen nasa ya kamo su ya wuce har ya kai miliyan 33, kwatsam a watan Agustan 2018 aka sanar wai Eagles sun koma miliyan 38. Tsalle ɗaya miliyan tara! To nan ne aka yi ta ce-ce-ku-ce, kuma ni ma gaskiya ina cikin waɗanda abin bai gama kwanta musu ba. Dalili kuwa, ita RIAA ba wai tana zaune a shago tana ƙirga masu saye ba ne, kamfani ne zai kawo takardunsa ya ce a duba a ba shi shaida, in bai nema ba lambar tana nan tsaye ko shekara goma ne, sannan abin da aka fi ƙirgawa a da shi ne kwafin da aka tura wa 'yan kasuwa. Ƙari a kan haka tun 2016 aka fara haɗawa da sauraro ta intanet, duk sauraro 1,500 ana lissafa shi a matsayin faifai ɗaya, haka sauke waƙa 10 ma faifai ɗaya. Kaga kenan lambar da kake gani gambiza ce, da faifan garmaho da kaset da sidi da Spotify duk a tukunya ɗaya. Kuma kar ka manta wannan lissafin Amurka ne kaɗai, in duniya gaba ɗaya ake magana Thriller ne har gobe a gaba, wannan ba a musu a kai.

To koma kan Legend. Shi labarinsa daban ne tun daga tushe, don Eagles suna raye suna kan ganiyarsu aka yi nasu, shi kuwa Bob Marley ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 a Miyami yana da shekara 36, ciwon daji wato kansa ne ya kashe shi, sai bayan shekara uku a Mayun 1984 kamfanin Island na Chris Blackwell ya fitar da faifan. Mai waƙa yana kabari, ba shi da bakin cewa a sa wannan a cire wancan. Wanda aka damƙa wa aikin wani ɗan ƙasar Ailan ne Dave Robinson, ɗan kasuwar waƙa ne na gaske, kuma bai ɓoye ba, shi burinsa ya sayar da Marley ga Turawan da ba ruwansu da Rasta ko siyasar Jamaika. Har bincike aka yi aka tara mutane ana tambayarsu me suke so me ke korarsu, aka gano tsoron hoton ɗan tawaye mai hayaƙi a baki suke yi. Shi ya sa in ka duba bangon ba za ka ga wannan ba, sai ka ga mutum ya dafa haɓa da hannu, zobe a yatsa, ido ya yi nisa kamar mai tunanin duniya, ba faɗa ba hargowa.

Yanzu duba waƙoƙi 14 da ke ciki ka ga inda aka ɗebo su, nan ne abin yake. Biyar cif daga albam ɗin Exodus na 1977, wanda ya yi a Landan bayan an harbe shi a Kinston babban birnin Jamaika a Disamban 1976, kuma yawancin waɗanda aka ɗauka masu taushi ne na soyayya da kwantar da hankali. Biyu daga Kaya, biyu daga Uprising, biyu daga Burnin', ɗaya daga Catch a Fire, ɗaya daga Confrontation da ya fito bayan rasuwarsa, sai No Woman No Cry wadda aka ɗauka daga wasan da ya yi a gaban jama'a a Landan a 1975. Daga Survival na 1979 fa? Ko ɗaya. Daga Rastaman Vibration na 1976? Ko ɗaya. Kuma waɗannan su ne inda ya fi zafi a kan Afirka da mulkin mallaka da wariyar launin fata, a Survival ne waƙar Zimbabwe take, wadda saboda irinta aka gayyace shi ya yi wasa a bikin 'yancin ƙasar a Afrilun 1980. Ban ce an cire masa haƙora duka ba, akwai Get Up Stand Up akwai Redemption Song, amma dai an rage wa miyar yaji sosai don baƙi su iya sha.

Dabarar kuwa ta ci. A Ingila ya yi mako 12 a lamba ɗaya a 1984. A Amurka da farko bai yi wani abin a zo a gani ba, lamba 54 ya tsaya a jerin Billboard na faifan da suka fi sayuwa kowane mako, amma sai ya zama irin kayan nan da ba a rububinsu kuma ba sa kwantai, kowane mako ana saye kaɗan-kaɗan, ɗalibai su shiga jami'a su saya, ƙannensu su zo su ma su saya, har ya zama in ka cire wani faifan mawaƙan Ingila Pink Floyd babu wanda ya kai shi daɗewa a wannan jerin. Bai shiga goman farko a can ba sai Satumban 2014, shekara 30 bayan fitowarsa, lokacin da Google Play suka karya farashinsa zuwa senti 99 ya haye lamba 5. A wannan shekarar shaidarsa ta Amurka miliyan 15 ce, ya ƙara gaba tun daga nan, kuma babu wani faifan rege, wato kiɗan Jamaika irin nasa, a duniya da ya kama ƙafarsa.

To in lamba kake so, miliyan 38 na 2018 da miliyan 15 na 2014 ai ba a haɗawa, Eagles sun yi masa fintinkau a Amurka, magana ta ƙare. Amma abin da ya ɗaure maka kai shi ne me ya sa kai ba ka san su ba, amsar kuwa tana wajen mai kaset. Ni na tuna wanda muke zuwa wajensa a bakin kasuwa muna yara, tebur ɗaya da rediyo mai baki biyu, ka kawo kaset ɗinka fanko ko ka saya a wajensa, ya zura na asali a baki ɗaya naka a ɗayan ya danna, ka je ka dawo bayan la'asar. Sunan waƙoƙin da biro yake rubuta su a jikin takardar yadda kunnensa ya ji, in zaren ya sarƙe mu sa biro mu yi ta juyawa. Kaset ɗin Marley da yake kwafa wa mutane shi ma kansa kwafi ne na kwafi, bangon har ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Wa ya ƙirga wannan? Babu. Daga Kano zuwa Kumasi zuwa Yamai zuwa Duwala haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ko kwabo bai shiga littafin Island ba balle RIAA ta ji labari. Su kuwa Eagles masu sayen nasu suna ƙasar da ake yanka rasit, kowane kwafi yana da takarda. Don haka lambar tana gaya maka inda kuɗi ya shiga ne, ba ta gaya maka kunne nawa waƙa ta shiga ba, in da kunne ake ƙirgawa ni dai ban ga yadda Eagles za su tsaya kusa da Marley ba, wannan ra'ayina ne kuma ina kai.

Af, tunda wani a ƙasan tambayarka ya jefo maganar cewa faifan Queen, wasu mawaƙan Birtaniya, ne a sama, shi ma yana da gaskiyarsa amma a wata ƙasar. A Birtaniya Eagles ba su ne sarakai ba, Greatest Hits na Queen da ya fito Oktoban 1981 shi ne faifan da ya fi kowanne sayuwa a tarihinsu, ya haura miliyan 7 a 2022, mai bi masa kuma ABBA Gold na 1992, shi ma tsince ne, an yi shi shekara goma bayan 'yan Suwidin ɗin sun watse. Kaga a ƙasashen biyu duka faifan tsince ne a sama, don mutum in zai kashe kuɗinsa sau ɗaya ya fi son ya samu tsoka zalla ba ƙashi.

In kuma tambayarka wanne ya fi wakiltar masu shi, nan Eagles sun ɗan fi samun adalci, don abin da ke cikin faifan shi ne su a waɗannan shekaru biyar ɗin, ba a ɓoye wani ɓangare nasu don kar a tsorata mai saye ba, illa dai ka san rabin labarinsu ne tunda Joe Walsh, mai jitar da ya shigo musu daga baya, da duk abin da ya biyo baya ba sa ciki. Legend ya fi daɗin saurare nesa ba kusa ba, za ka sa shi daga farko har ƙarshe ba ka tsallake ko ɗaya ba, amma Marley ɗin da zai ba ka wanda Robinson ya zaɓa ne, kamar yaron memori ɗin can. Ni shawarata ka fara da Legend ɗin tunda ka riga ka san rabinsa, in ka gama ka nemi Survival, za ka gane shi da bangonsa, tutocin ƙasashen Afirka ne jere reras, a tsakaninsu kuma zanen cikin jirgin ruwan bayi da mutane kwance kamar an jera itace. Eagles kuwa ka saurara sau ɗaya don ka cire wa kanka kokwanto, bai kai minti 45 ba duka-duka, in datarka ba ta da yawa ma ka bari sai ka samu waifai.