Wurin da nake kai gyaran riɗi a Dawanau

Shekara uku ke nan ina saro riɗi da zoɓorodo daga ƙauyukan Gumel da kasuwar Maigatari. Da farko a gida muke gyarawa, mata su sheƙe, su tsince, amma buhu arba'in ya fi ƙarfin faifai. Shi ya sa bana na ɗauko kayana zuwa wani wurin gyara da inji a gefen kasuwar hatsi ta Dawanau, kan titin Katsina.

Aikinsu ya gamsar da ni. A gabana aka ɗora kowane buhu a sikeli, yaron ya rubuta, ya ba ni takarda tun kafin a kwance bakin buhu. Da injin ya gama, na cusa hannu har gwiwar hannu cikin riɗin, na damƙo na watsa a tafi: fari tas, babu tsakuwa, babu yashi. Dattin da aka fitar ma sai da suka auna suka nuna mini. Dattijon da ke kula da wurin ya ce, "Alhaji, duba da kyau, kada ka tafi da zargi a ranka." Wanda ya taɓa asarar kilo a hannun masu gyara ya san daɗin wannan magana.

Inda suka ɓata mini rai shi ne wuta. Ta ɗauke da azahar, aka tayar da janareta, sai ga ƙarin kuɗin man dizal da ba a faɗa mini da safe ba. Na biya, amma ya kamata a sanar da mutum tun wajen ciniki.

Duk da haka zan koma, kuma rabin dalilin Kano ce kanta. Kafin a ɗinke buhunan, dillalai biyu na masu fitar da kaya waje sun taya. Sabon buhu, zare, 'yan dako, sito na haya, tirela mai zuwa Legas, dukkansu da ƙafa na same su a yini ɗaya. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023 don shige da ficen kaya kamar a tashar jiragen ruwa, ga masana'antun Sharaɗa da Bompai in mutum ya kai ga matsar mai. Ƙaramin kamfani irin nawa ba shi da kuɗin da zai ajiye kaya wata guda yana jiran mai saye, kuma a nan ban jira ba.

In za ka kai kaya lokacin kaka, ka isa da asuba, don layi na tsawo kafin hantsi, kuma ka tambayi kuɗin janareta kafin a sauke buhun farko.