Sharhi kan Makarantar Future Prowess ta Maiduguri

Tun shekarar 2007 lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri da yara 36, kuma a ganina tana cikin hidimomi mafi inganci da ake yi wa marayun jihar Borno. Karatu kyauta ne, haka ma abinci da kayan makaranta da kula da lafiya, abin da ke sauke wa uwar marayu nauyin da kan tilasta mata tura yaro talla.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda makarantar ke karɓar 'ya'yan waɗanda rikicin Boko Haram ya hallaka daga kowane ɓangare, ɗan jami'in tsaro da ɗan mayaƙi su zauna aji ɗaya, su ci abinci tare, ba a yi wa kowa gorin mahaifinsa. Yaron da ya tashi a haka yakan sami ƙarfin zuciyar jure maraici ba tare da ƙullatar kowa ba. Wannan aiki ne ya sa Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Zannah Mustapha lambar yabo ta Nansen a 2017.

Matsalar makarantar ita ce ƙarancin gurbi, domin masu neman shiga sun fi ƙarfin azuzuwanta.